Yadda ake rubuta saƙon Hausa a waya: jagora ga mazauna Saudiyya

Yawancin zumuncin Hausawan Makka da Jidda da Madina yanzu a waya yake tafiya. Sanarwar suna, sanarwar rasuwa, kuɗin da aka tura gida, cigiyar ɗaki a Misfala ko Shari Mansur, neman mai komawa Kano a ba shi saƙo, duka ta WhatsApp suke bi. Sai dai mu nan muna da wata matsala da ba ta cika damun na gida ba. A zauren WhatsApp na dangi guda za ka tarar da wanda ya yi boko a Najeriya ko Nijar, ya zo aiki ko karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina. Za ka tarar da haifaffen nan, jikan waɗanda suka taso aikin Hajji ta Chadi da Sudan, suka ƙetaro Bahar Maliya suka zauna, wanda Hausa yake ji a ɗakin mahaifiyarsa amma Larabci kaɗai aka koya masa rubutawa. Ga kuma dattawan da suka yi karatun allo, waɗanda ajami ne rubutun Hausarsu. Saƙon da ɗaya zai karanta cikin sauƙi, ɗayan sai ya yi ta kintace, kuma a wajen kintacen nan ake samun ɓacin rai, wani lokaci har da asarar kuɗi.

Don haka matakin farko ba a kan haruffa yake ba. Kafin ka fara rubutu, tambayi kanka wa zai karanta, kuma da wane rubutu ya saba. In Inna ce a ƙauye, ko Baba da idonsa ya yi rauni, saƙon murya ya fi. In zaure ne mai mutane iri-iri kuma maganar muhimmiya ce, rubuta ta da boko mai tsabta, sannan ka bi ta da murya. Sauran matakan duka a kan wannan suka doru.

Mataki na biyu: sa wa wayarka Hausa

Wayoyinmu a nan yawanci Larabci da Turanci ne a allon rubutunsu, shi ya sa ɓ da ɗ da ƙ suke ɓacewa daga saƙonninmu. In wayarka Android ce mai Gboard, shiga saitin allon rubutun, ka zaɓi wajen harsuna, ka taɓa ƙara sabon harshe, ka nemi Hausa. Da zarar ta hau, ka danna k ka riƙe, ƙ zai fito. Haka d da b. Ba sai ka cire Larabcin ba, alamar duniya da ke ƙasa za ta riƙa juya maka tsakaninsu. Wani amfanin kuma shi ne allon Turanci ya daina sauya maka kalmomi da kansa, domin shi bai san Hausa ba, duk abin da ka rubuta ƙoƙari yake ya mayar da shi wata kalmar Turanci mai kama da shi. In wayarka ba ta ba ka waɗannan haruffa ba, kwafo su daga wani saƙo ka ajiye a wajen gajerun hanyoyin rubutu na wayar, yadda in ka buga kk sai ƙ ya fito. In duka sun gagara, sa alamar ɗauri kusa da harafin, kamar k'asa ko d'aki. Ba kyau a ido, amma ma'ana ta tsira.

Wasu suna ganin wannan ƙaƙale ne na malaman makaranta. To a duba. Baki daban, baƙi daban. Fada ta sarki ce, faɗa kuwa rikici ne. Kashi da ƙashi ba sai an yi bayani ba ga wanda ya rubuta wa likita cewa yana ciwon ɗaya alhali ɗayan yake nufi. Mace ta yi ɓari, kai ka rubuta ta yi bari. Mafi muni shi ne ka so ƙaryata wata magana a gaban matan dangi, ka rubuta wa 'yar'uwarka "karya ce". Kowa ya san abin da kake nufi, amma in dama akwai 'yar tsama tsakaninku, ka ba shaiɗan ƙofa.

Waɗannan haruffa masu lanƙwasa ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, a shekarun 1930 kuma aka tsayar da masu lanƙwasa a littattafan da ake bugawa a Zariya. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Abin da ya rage na bambanci kaɗan ne, kamar 'y da Najeriya ke rubutawa a 'ya'ya, Nijar kuma ta rubuta ƴ. Duk wanda ka ɗauka cikin biyun daidai ne.

Mataki na uku: raba abin da ake rabawa, haɗa abin da ake haɗawa

A nan nake so a tsaya sosai, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa, musamman ga wanda hannunsa ya saba da Larabci. A Larabci wakilin suna yana manne da aikatau, kalma guda ta ɗauki mai aiki da aikin da wanda aka yi wa. Hausar boko ba haka take ba.

Wakilin sunan da ke gaban aikatau zaman kansa yake yi: ya zo, ta tafi, mun iso, sun tura. Wanda ke bayan aikatau shi ma haka: na gan shi, ka kira ta, ya ba ni. Kalmar za ana raba ta: za mu, za ka, za su, in ban da zan da zai waɗanda dama a dunƙule suke. Yana, tana, muna, suna a haɗe suke, haka ma kalmomin yake da take da yakan, amma aikatau ɗin da ya biyo su a rabe: yana zuwa, takan kira. Ne da ce da ke nan ba sa mannewa da kowa: shi ne, ita ce, shi ke nan. Kalmar da ita ma haka: ina da, yana da, tare da. Mini, maka, masa, mata kalmomi ne masu zaman kansu: ya aiko mini. Abin da ake haɗawa shi ne gajeriyar mallaka: gidana, motarka, kafilinsa, 'yarsu.

Ga abin da ke faruwa in an yi sakaci. Wata baiwar Allah da ke aikin gida a Jidda ta tura kuɗi ta hannun mai hawala a kai wa mahaifiyarta. Da dare ƙanenta ya rubuto mata kalma uku: "kudin ya bata". A lokacin tana bakin aiki, ba damar kira. Abin da idonta ya karanta shi ne kuɗin ya ɓata, albashin wata guda ya tafi. Ta kwana ba barci, da asuba ta tura wa mai hawalar magana mai zafi ta murya. Ashe yaron cewa yake mutumin ya ba ta, wato kuɗin ya shiga hannun tsohuwa tun la'asar. Da ya rubuta "ya ba ta kuɗin", da ba a kai ga ba da haƙuri ba.

Irin waɗannan suna da yawa a maganar kuɗi. "Na bashi" da "na ba shi" ba ɗaya ba ne: na farko na nufin kuɗin rance ne, na biyu na nufin na miƙa masa. "Nasa kuɗin" na wani ne, "na sa kuɗin" kuwa na zuba su a asusu. "Kaji" na akurki ne, in kana tambayar Yaya ko ya ji, "ka ji" za ka rubuta. "Ita tafi" umarni ya zama, "ita ta fi" kuwa yabo ne. "Akan" na abin da aka saba yi ne, kamar akan rufe shaguna da wuri, "a kan" kuma na wuri ne ko dalili, kamar a kan tebur. Dabarar da za ta taimake ka ita ce ka gwada sauya wakilin sunan. In "ba shi" zai iya zama "ba ni" ko "ba su" ma'ana ta tsaya, to kalma biyu ce, raba su.

Akwai kuma wani gurbi da boko ya bari a buɗe: ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Ya tura kuɗin" na iya zama labari cewa ya riga ya tura, yana iya zama umarni cewa a ce masa ya tura. A baki ba a rikicewa, a rubuce kuwa iri ɗaya ne. Maganinsa ƙarin kalma: "ya riga ya tura", ko "ka ce masa ya tura". Kada kuma ka yi rowar alamar tambaya. "An sabunta igama." da "An sabunta igama?" alama ɗaya ce ta raba su (igama katin zama ne).

Batun jinsi gajere ne. Yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne, suna ɗaukar r: motar Baba, rigar Hajiya, ita ce. Saura suna ɗaukar n: ɗakin Baba, shi ne. Akwai waɗanda suka fita daga layi, kamar gida, ruwa, suna, nama, duka maza ne. Sunayen garuruwa mata ne: Makka ta cika. Haifaffun nan su kula da ido da hannu da kunne, waɗanda a Larabci mata ne amma a Hausa maza. Wanda ya fito daga yankin da ake cewa "motan Baba" a baki, wannan karin harshensa ne, ba abin dariya ba, amma a sanarwar da jama'a za su karanta daidaitacciyar Hausa ta fi isa ga kowa.

Mataki na huɗu: bar x da q da ch

Samarin gida sun saba rubuta "xan xo" maimakon zan zo, "qasa" maimakon ƙasa, su kuma liƙa h a ƙarshen kalma: "nah", "toh", "bah". Na q ɗin akwai uzuri, domin rashin ƙ a waya ne ya haife shi, amma yanzu uzurin ya kau. Na x kuwa ba na ganin wani amfani a cikinsa, harafin z yana nan kusa da shi. Ka tuna yaron da ya tashi a Rusaifa yana lallaɓa boko da ɗan Turancin makaranta: in ya ga "xuwa" ba zai taɓa gane zuwa ba ne.

Ch kuma rikicinsa ya fi haka, saboda yawan 'yan Nijar a cikinmu. Ɗan Najeriya in ya rubuta "chi", ci yake nufi. Ɗan Nijar da ya yi makarantar Faransanci in ya rubuta "chi", shi yake nufi, ci kuwa "tchi" zai rubuta, u ya mayar da shi "ou", j ya mayar da shi "dj". Mutum biyu a zaure ɗaya, haruffa iri ɗaya, kowa da abin da yake karantawa. Ƙa'idar da ƙasashen biyu suka amince da ita mai sauƙi ce: c a ci da ciki, sh a shi da shekara, u a kuɗi, j a jiya. F ake rubutawa, ba p ko ph ba.

Mataki na biyar: Larabcin da ke cikin Hausarmu

Ba wanda zai zauna a ƙasar nan bakinsa bai cika da kafili (mai ɗaukar nauyin zamanka), jawazat (hukumar fasfo), tasrihi (takardar izini), baladiyya (hukumar gari), dawam (lokacin aiki), tarhil (mayar da mutum ƙasarsa) ba. Tsakaninmu ba laifi, sunayen abubuwan ke nan. Rubuta su yadda muke faɗarsu da haruffan Hausa. Katin zama igama muke ce masa, domin mutanen Hijaz g suke furta ق, don haka rubuta igama, ka bar iƙama wa sallah. In kuwa saƙon gida zai tafi, fassara: "katin zama", "izinin shiga aikin Hajji", "an mayar da shi gida". Gwaggo da ke Katsina ba ta san dawam ba.

Rubutun nan na matasa da ke sa lambobi a madadin haruffan Larabci, 3 a wurin ع, 7 a wurin ح, 5 a wurin خ, 2 a wurin hamza, a bar shi tsakanin abokan da suka san shi. Hausa ta riga ta yi wa waɗannan kalmomi gida: sa'a, Juma'a, alhamdu lillahi, alheri, labari. Alamar ɗaurin da ke cikin sa'a da ma'ana da ɗan'uwa harafi ce, kada a yar da ita, sa'a ba saa ba ce.

In za ka kawo aya ko addu'a da haruffan Larabci a cikin saƙon boko, ba ta layinta ita kaɗai. Larabci daga dama yake tafiya, boko daga hagu, in suka haɗu a layi ɗaya waya takan hargitsa jerin kalmomin, alamomin rubutu da lambobi su yi tsalle zuwa wani gefe.

Saura masu rubuta Hausa da haruffan Larabci, kuma ina ƙarfafa musu gwiwa, domin ya fi a bar harshen gaba ɗaya. Amma su sani akwai ajami tun kafin boko, kuma yana da tsarinsa. A ajami غ shi ne g, ق shi ne ƙ, ط shi ne ɗ, ث shi ne c. Yaron Jidda kuwa da zai rubuta g, ق zai ɗauka bisa furucin garinsu. Sai ya rubuta "gari", kakansa ya karanta "ƙari". Kakan ya rubuta ط yana nufin ɗ, jikan ya karanta da Larabci. Dattijon da ya yi allo da rubutun Warshu ma ya saba ganin fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, saɓanin abin da ke waya. Shawarata ita ce dangi su daidaita a kan tsarin ajami na waɗannan haruffa huɗu, sannan a riƙa sa wasali. Larabci yana karantuwa ba fataha ba kisira, Hausa ba ta karantuwa haka, shi ya sa masu ajami ba sa barin wasali. Alamomin suna nan a allon Larabci na waya.

Mataki na shida: lambobi, kuɗi da lokaci

In za ka tura lamba gida, yi amfani da 1, 2, 3, kada ka tura ١ ٢ ٣. Wanda bai saba ba zai ga ٥ ya ɗauka sifiri ne, ya ga ٦ ya ɗauka bakwai ne, sifirin kansa kuma ɗigo ne da ido zai tsallake. Lambar asusu a tura ta a saƙonta ita kaɗai, ba wata kalma a jikinta, don a kwafe ta ba tare da sake bugawa ba. Ta bankin Najeriya lamba 10 ce, IBAN na Saudiyya kuwa da SA yake farawa, haruffa da lambobi 24. Ƙirga kafin ka tura. Sunan banki da sunan mai asusu su biyo a saƙo na gaba. Lambar waya kuma da lambar ƙasa: +966 Saudiyya, +234 Najeriya, +227 Nijar, +249 Sudan.

Kada ka taɓa rubuta adadi ba sunan kuɗi. "Dubu biyu" riyal ko naira? "5k" ba kowa ya san ta ba. Dala kuma tarko ce: a bakin ɗan Najeriya kuɗin Amurka ce, a bakin ɗan Nijar sefa biyar ce, don haka "dala ɗari" a wajensa sefa 500 ke nan. Rubuta da lamba da kalma tare: riyal 500, ɗari biyar.

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, yana gaban na Sudan da awa ɗaya. In ka sa lokacin ɗaurin aure ko na kira, faɗi agogon ina. "Bayan Isha" ma ba ta isa ba, lokacin da muka idar a Makka su ko Magariba ba su yi ba a mafi yawan shekara. Kwanan wata kuma a rubuta na Hijira da na Miladiyya tare da sunan ranar, domin nan kalandar Ummul Ƙura ake bi, a Najeriya kuwa sanarwar Sarkin Musulmi ake jira, wani lokaci a sami bambancin kwana guda. "Gobe" da "jibi" ba su da amfani a saƙon da za a yi ta turawa.

Mataki na bakwai: inda ake gajartawa da inda ba a yi

Ykk, lfy, ngd, hhh, duka ba na ganin aibinsu tsakanin sa'o'i da abokan wasa. Iyakarsu ke nan. Ba a aika wa uba ko suruki ko malami "ykk". A can sai cikakkiyar gaisuwa: Baba barka da dare, an wuni lafiya, ya jiki. Malam, Allah ya gafarta. Hajiya, ina gajiya. Haifaffun nan da suka saba da "ya khala" da "ya ammi" su koyi Inna, Gwaggo, Kawu, Baffa, domin ɗan gida in ya ga an kira shi da sunan da ya dace da matsayinsa, ya san ba a manta da shi ba. Alkunya ma tana aiki a rubuce: wadda ba ta faɗin sunan mijinta ko ɗanta na fari a baki, kada a tilasta mata a zaure. Maman wane da Baban wane, ko Ummu da Abu irin na mutanen nan, duka sun wadatar.

Sallama addu'a ce, "slm" kuwa haruffa uku ne da ba su ce komai ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 86, in an gaishe mu mu mayar da wadda ta fi ko irinta. Wanda ya rubuto maka Assalamu alaikum cikakkiya, "wslm" ba irinta ba ce. Salatin Annabi ma haka. Tun a ƙarni na 7 bayan Hijira malamin hadisi Ibnus Salah ya hana masu rubutu taƙaita salati da alama, a zamaninmu kuma Shaihu Bin Baz ya yi irin wannan gargaɗi a kan ص da صلعم. SAW ɗan'uwansu ne. Ajiye "sallallahu alaihi wa sallam" a gajerun hanyoyin wayarka, harafi biyu za su fito maka da shi cikakke. Sunan Allah a fara shi da babban baƙi, kuma kada a dunƙule shi cikin "wlh", rantsuwa ba abin wasa ba ce. In sha Allahu kalma uku ce, in ka ga za ka rikice, "in Allah ya yarda" Hausa ce tsantsa.

Ta'aziyya ce ta fi damuna. Mu da muke nesa, sau da yawa saƙon nan shi ne iyakar abin da za mu iya yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ba za mu sami jana'iza ba, ba za mu zauna zaman makoki ba. Bai kamata a sallame shi da sitika ko RIP ba. Rubuta da hannunka: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Daga jin ƙai kalmar ta fito, don haka ƙ ne, ba k na jika ba. Ambaci mamacin da matsayinsa a wajenka. In kuma kai ne ka fara jin labarin, kada ka jefa shi zaure sai ka tabbata an sanar da 'ya'yansa da matansa ta baki. Akwai wadda take wanke-wanke a gidan aiki, ta duba waya ta ga hoton mahaifinta da addu'a a ƙasa, ba kowa kusa da ita.

Saƙon murya shi ma yana da ladabi. Fara da sallama da sunanka, domin ba kowa ya ajiye lambarka ba. Faɗi buƙatar da wuri. Masu aikin gida da direbobi da masu gadi ba sa samun damar sauraren minti goma, kuma ba sa iya buɗe murya a gaban masu gida, don haka rubuta layi ɗaya a ƙasa: "maganar kuɗin makaranta ce, ba gaggawa". Lamba ko adireshi kuwa kullum a rubuce.

Mataki na takwas: kafin ka tura, da bayan ka tura

Magana zarar bunu ce, a ƙasar nan kuma akwai doka a kanta. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko addini kuwa hukuncinsa na iya kai shekara biyar da riyal miliyan uku. Rubutu da Hausa ba mafaka ba ne, ana fassarawa. Kada ka sa hoton igamar wani ko fasfonsa a zaure, ko da cigiya kake yi, rufe lambobin. Kada ka ɗauki mutane hoto a wajen haɗari ko kame ka yaɗa. Labarin "an buɗe afuwa" ko "an sauya dokar biza" kada ka tura sai ka gan shi a kafar hukuma, irin su Absher ko Nusuk ko sanarwar jawazat, domin akwai wanda zai ɗauki mataki a kansa da rayuwarsa.

Karanta saƙonka sau ɗaya kafin ka danna. In kuskure ya wuce, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka danna saƙon ka riƙe ka gyara shi. In lokacin ya wuce, sake rubuta jimlar gaba ɗaya ka ce wannan ce daidai, musamman in lamba ce.

Kuskuren wani kuwa, duba ko ya sauya ma'ana. In bai sauya ba, a zaure ka ƙyale shi. In ya sauya, tambaya za ka yi: "Yaya, ya ba ta kake nufi ko ya ɓata?" Babba ba a yi masa gyara a gaban jama'a, bi shi ta lambarsa. Yaran da aka haifa a nan kuma, in suka yi ƙarfin hali suka rubuta Hausa, ko da ta karkace, kada a yi musu dariya, domin dariya ɗaya ta isa ta mayar da su Larabci su daina gwadawa. Amsa musu da Hausa mai sauƙi, ka maimaita kalmar da suka kuskure a rubuce daidai a cikin amsarka, in ya rubuta "inaso inzo gidan ku" ka mayar masa da "to, in kana so ka zo gidanmu, ranar Juma'a bayan La'asar muna nan".